Ni Na Karye, Keken Bai Karye Ba

Wanda ya tarbe ni a filin jirgin Istanbul sunansa Sabo, ɗan Rigasa ne, kuma shi ya haɗa mini tafiyar tun ina Kaduna. Yana ganina ya rungume ni kamar ciki ɗaya muka fito, ya fizge jakata ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "Zakara, ka iso! Mutanen nan kai kaɗai suke jira."

Ba haka kawai ya kira ni zakara ba. Na yi shekaru ina yi wa jiharmu tseren keke, na ci kofi, har hotona ya taɓa fitowa a jarida. Duk mai bin hanyar Zariya da sassafe a wancan lokacin ya san mu, mu ne masu matsattsun kaya da ke wucewa ta Kawo a jere, kai a sunkuye. Sabo ya ce akwai wata ƙungiyar tseren keke a Turkiyya da ke neman irina, za su ba ni ɗaki da keke da albashi. Mahaifina, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, bai so tafiyar ba, amma bai hana ni ba.

Washegari Sabo ya kai ni bakin wani gini mai gilashi, ya ce in shiga in gabatar da kaina, shi zai leƙa wani wuri ya dawo. Na gyara wuyan riga na shiga. Akwai kekuna kam, birjik, sai dai duk a kafe suke da ƙasa. Wasu masu tumbi ne a kai suna ta murza feda suna gumi, ba sa zuwa ko'ina. Ashe wurin motsa jiki ne na masu son rage ƙiba. Na yi wa matar da ke bakin ƙofa bayani da Turanci, ta saurare ni har na gama, ta kira wani namiji, shi ma na maimaita masa. Ba su yi mini dariya ba. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Sai mutumin ya kawo mini shayi a wani ɗan kofin gilashi, ya dafa kafaɗata, ya ce ba ni ne na farko da aka kawo musu ba.

Na fito na tsaya inda Sabo ya bar ni har ƙafafuna suka yi tsami. Layinsa a kashe. Rabona da shi ke nan.

Masaukin da ya ajiye ni wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, cike da baƙi irina, 'yan Senegal da Gini da Kamaru. Su suka nuna mini sana'ar da ake ci da ita a unguwar, wato dako. 'Yan kasuwarmu na zuwa sarin dogayen riguna da takalma da labule, mu kuma mu kwaso daga shago mu kai wurin masu aikawa gida. Ƙafafun da na yi shekaru ina horarwa don tsere, su suka koma hawan matattakala da dila a ka. Nauyin kayan bai dame ni ba kamar Hausar da nake ji. Da na jiyo ana "ina kwana" a bayana, sai in ja hula in rufe goshi, in ɗaga takunkumi har ƙasan ido.

Wata rana aka haɗa ni da wata Hajiya. Tun daga muryarta na gane ta. Hajiya Binta ce, ƙawar mahaifiyata, gidanta na bayan layinmu a Unguwar Shanu. Na ɗauki kayanta, ina gaba tana baya. Ta ce, "Kai samari, ɗan wace ƙasa ne?" Na yi kamar ban jin Hausa, na amsa mata da ɗan guntun Faransancin da na tsinta a ɗaki. Ba ta ƙara tambayata ba. Haka muka yi ta zagaya shaguna har la'asar, ni ina ta kauda fuska. Da muka gama ta sallame ni, sannan ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙullin dambun nama ta danƙa mini a hannu. Ba ta kalli fuskata ba. Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Shamsu, ci wannan. Ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba."

Na tsaya a bakin titi da dambu a hannu, na rasa inda zan sa kaina. A bayan wani masallaci na zauna na ci shi, hawaye na sauka a ciki. Makon bai ƙare ba na bar Istanbul.

Wani ɗan Senegal da muke ɗaki ɗaya ne ya ba ni labarin wani ƙaramin kamfani a Bursa da ke ƙera kekuna, suna neman mai wanki da share-share. Bursa gari ne a gindin wani ƙaton dutse mai daji, wanda ƙanƙara ke rufe masa kai lokacin sanyi. Mai kamfanin, Kemal, gajere ne mai saurin magana. Ya ɗauke ni, ya kuma yi alkawarin nema mini takardar zama da sunan kamfaninsa. Wannan alkawarin ya cika shi, ba zan ci haƙƙinsa ba.

A nan na fara ganin irin waɗannan kekuna. Ni keken da na sani siriri ne, shafal, da yatsu biyu za ka ɗaga shi, tayarsa kamar igiyar guga. Waɗannan kuwa kai ka ce babur ne aka cire wa inji. Tayoyi masu kauri da haƙora, kan keken da faɗi kamar ƙahon bijimi, ga shok, wato abin haɗiye gargada, a gaba mai tsawon hannun mutum, ga wani a tsakiya ƙarƙashin sirdi, ta yadda ƙafar baya ke lanƙwasawa sama da ƙasa ita kaɗai. Ba don kwalta aka yi su ba, ba kuma don hawa tudu ba. An yi su ne don a kai su can ƙololuwar dutse a sako su ƙasa, ta kan duwatsu da saiwoyi, a yi tsalle daga kan gaɓa a dira. Kullum da yamma ake dawo da su caɓe-caɓe da laka, ni kuma in wanke, in goge, in rataye.

Bakina ne ya ja mini. Wata rana ana shan shayi na nuna wa Kemal hoton nan na jarida a wayata. Ya zaro ido ya ce, "Muna da zakara a nan muna ba shi tsintsiya? Ranar Asabar za ka hau dutse."

Asabar ta zo, aka sa mini hular kwano mai rufe haɓa, aka ɗaura mini kariyar gwiwa, muka shiga wani akwatin ƙarfe da ke tafiya a kan igiya, ya haura da mu sama da kan bishiyoyi. Da muka sauka Kemal ya nuna mini wata 'yar siririyar hanya da ta gangara cikin daji. Na leƙa. Wallahi ni ban ga hanya ba, rami na gani. Sauran suka faɗa ɗaya bayan ɗaya suna ihu, na rufa musu baya. Ban yi nisa ba na hangi wani dutse a gabana, na damƙe birkin gaba da iya ƙarfina. Keken ya tsaya cak, ni kuwa na wuce ta kansa. Na tashi na kakkaɓe na sake hawa. Da na zo lanƙwasa ta gaba, ni da kaina na sauka daga keken. Haka na gangaro dutsen nan da ƙafa ina tura keke, mutane na wuce ni suna cewa in ba su hanya. Har wani dattijo mai farin gemu ya wuce ni yana fito. Da na iso ƙasa na tarar duk suna zaune, shayinsu ma ya huce. Kemal ya tafa hannu ya ce, "Ga zakaran Afirka!" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, to me zan yi?

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata mata mai suna Elif. Malamar sakandare ce, amma duk ƙarshen mako tana zuwa ta gwada wa kamfanin kekuna. Ta bari aka watse, ta zo ta same ni ina wanke keken da ya kayar da ni.

Ta ce, "Kokawa kake yi da shi. Ka saba da keken da kai kake yi masa komai. Wannan ka bar shi ya yi aikinsa. Tashi daga sirdi, saki gwiwoyinka, saki hannunka. Kuma ka daina kallon dutsen da kake tsoro, kalli inda kake so ka bi. Gobe da safe ka same ni a sama."

Na tuna abokan tserena na Kaduna. Da za su ga mace na koya mini hawan keke, da na shiga uku da tsiya. Amma washegari na je, na kuma bi bayanta kamar raƙumi da akala.

Ba zan manta ranar da na fara sakin birki ba. Muka tunkari wani wuri da saiwoyi suka haɗu suka yi tsibi. Na cije haƙora ina jiran dukan da na sani, irin wanda keken tsere ke aika maka daga taya har tsakiyar kai in ka faɗa rami a titin Rigasa. Dukan bai zo ba. Keken ya haɗiye saiwoyin nan kamar ba su nan. Ina jin ƙafafunsa na aiki a ƙarƙashina, gaba na nutsewa baya na tasowa, ni kuwa ina tsaye a kai kamar mutum a cikin kwalekwale ruwa na wucewa ta ƙasansa. Da muka zo wata 'yar gaɓa na bi Elif na tashi sama, na dira, shok ya nutse har ƙasa ya dawo a hankali da wata ajiyar zuciya kamar saniya ta kwanta. Na yi ihu ban san na yi ba. Tun da na baro gida, ranar ce na fara yin dariya ta gaske.

Sannu a hankali na san halinsu. In aka sassauta shok ya yi laushi da yawa, keken sai ya riƙa lumewa kamar tsohuwar katifa, ba ka san abin da ke ƙarƙashinka ba. In aka ɗaure shi da yawa, ko aka bar shi yana dawowa da sauri, sai ya harbe ka kamar jaki. A tudu kuwa azaba ne, duk fedar da ka taka rabi a shok take ƙarewa, kamar mai gudu a cikin yashi. Amma ka juya kansa ƙasa, nan yake sarki.

Da Kemal ya ga na iya, sai ya karɓe tsintsiya daga hannuna. Ya ce, "Daga yau aikinka ka karya su. In sun karye a ƙarƙashinka, ba za su karye a ƙarƙashin mai saye ba." Haka na riƙa hawa ina saukowa, da ruwa da rana. Na ga yadda laka ke shiga boris na mahaɗar baya har ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na ga shok ya fara yoyon mai, na ga wili ya lotse. Akwai ranar da na ji wani keke na karkata a kwana ba yadda ya saba ba, muka duba muka ga walda ta tsage kusa da wuya, siririyar tsaga kamar gashi. Aka sake zane, aka ƙara kauri. Daga cikin duk wannan wahala aka fito da wani sabon keke, ja, wanda na yi ta duka da duwatsu tun daga bazara har kaka ya ƙi ya karye. Na so keken nan kamar abu mai rai.

Lokacin ne na fi jin daɗin zamana. Na kira gida na yi wa Baba bayanin aikina. Ya ce, "Wato biyanka ake yi ka lalata kayan mutane?" Ya yi dariya har da tari. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Sai Murat ya zo. Ƙanin matar Kemal ne, ya dawo daga Jamus inda ya karanta harkar talla. Ranar da ya fara ganina ya zagaya ni yana kallo kamar mai tayin rago, ya ce, "Kai ne tallarmu." Daɗi ya kashe ni. Na hango kaina cikin rigar kamfani a kan jan keken nan ina tashi sama. Har na aika wa abokaina na gida saƙo, na ce su saurari wani bidiyo da zai fito, za su ga abin da ake kira keke.

Muka yi doguwar tafiya a mota, ni da Kemal da Murat, har muka bar daji muka shiga wani yanki busasshe mai jar ƙasa, ba bishiya ba gida. Murat ya buɗe bayan mota. Ba rigar kamfani a ciki. Wata yagaggiyar singileti ce, da gajeren wando mai faci, da silifas ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya kore, da jarkoki biyu masu ruwan ɗorawa.

Ya ce, "Nan Afirka ce. Kai ɗan ƙauye ne, ka je ɗebo wa iyalinka ruwa daga nesa, hanyarka kuma ta kan dutsen nan take."

Na ce, "Ni a birni aka haife ni. Akwai famfo a gidanmu. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne."

Ya ce, "Ai ba kai ba ne, wasa ne. Mutane wannan suke so su gani."

Na juya na kalli Kemal. Shi kuwa taya yake latsawa da babban yatsa, kamar bai taɓa ganin taya ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Shamsu, takardarka ta kusa ƙarewa. In keken nan ya sayu, kowa ya huta, har da kai."

Ba zan ce barazana ya yi mini ba. Amma na tuna ɗakin nan na ƙarƙashin bene, na tuna dila a ka. Na zagaya bayan mota na tuɓe kayana na sa nasu. Da na fito Murat ya ce na yi tsabta da yawa, ya ɗebi ƙasa da hannunsa ya shafa mini a ƙauri da kafaɗa da gefen fuska. Na tsaya ƙiƙam yana shafa mini. Na ɗauki hular kwano, ya karɓe, ya ce 'yan ƙauye ba sa sa hula. Suka gitta sanda a bayan sirdi suka ɗaure jarkokin, ɗaya dama ɗaya hagu.

Gaɓar da zan yi tsalle daga kanta ta fi katangar gidanmu tsawo. Na taɓa dira daga irinta, amma da takalmi da hula. Murat ya kafa kyamara ya ɗaga murya ya ce, "Yi dariya! Buɗe haƙora sosai, farin ciki kake yi!" Na buɗe haƙora na gangaro. Keken ya tashi, ya dira lafiya lau, ko gezau. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Murat ya duba abin da ya ɗauka ya girgiza kai. Ya ce jarkokin na kaɗawa kamar balan-balan, kowa zai gane babu komai a ciki, a cika su da ruwa. Kemal ya yi wata magana da harshensu, Murat ya mayar masa da tsawa. Da hannuna na taya su cikawa.

A karo na biyu, tun ina sama na san an samu matsala. Ruwan ya tuntsura gefe guda, bayan keken ya juya, silifas ɗina ya zame daga feda. Da kafaɗar hagu na sauka. Na ji ƙarar a cikin kunnena, ɓas, kamar an karya busasshen kara. Ina kwance ƙasa ta cika mini baki, sai na ga Murat ya taho da gudu da kyamara a hannu. Na ɗauka wurina zai zo. Ya tsallake ni ya wuce wurin keken, ya durƙusa yana ɗaukar tayar baya da ke ta juyawa. Kemal ne ya zo kaina, fuskarsa ta yi fari fat, ya cicciɓe ni ya sa a mota. Shi ya kai ni asibiti, shi ya ɗauki nauyin komai.

Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe a kafaɗar. Ina kwance ban gama warkewa ba Elif ta zo da miya a cikin kula. Ta zauna ta ce, "Ka gani?" Na ce ban gani ba. Ta miƙo mini wayarta.

An sa kiɗan ganguna. Ga ni nan cikin tsumma, haƙora a waje, ina gangarowa. Ga tsallen. Faɗuwar kuwa an rage mata gudu yadda za ka ga komai dalla-dalla, har da yadda bakina ya buɗe, har da ƙarar da na yi. Ruwa na kwarara daga jarka yana shiga ƙasa. Sai hoton ya bar ni ya koma kan jan keken, wani hannu ya ɗaga shi ya tsayar, ko ƙwarzane babu. Rubutu ya fito da Turanci: Afirka ta gwada shi, bai karye ba.

Elif ta ce, "Na daina yi musu aiki. Amma kai, Shamsu, me ya sa ka yarda?"

Na juya fuska bango. Ta zuba miyar a kwano ta ajiye inda hannuna na dama zai kai, ta tafi.

Abin da ake gudu shi ya faru. Bidiyon ya bazu, ya ƙetare teku ya isa Kaduna. Wani ɗan barkwanci ya cire kiɗan ya ɗora muryarsa da Hausa, wai ga ɗan ga-ruwan da ya je Turai neman kasuwa. Abokan da na ce su saurara sun saurara kuwa. Wayata ta cika da hotunan dariya. Aka raɗa mini suna Mai Jarka. Mahaifiyata ta kira tana kuka, ita kafaɗar ce damuwarta. Na ce ta ba Baba waya, ta ce ya fita. Na sake kira wata rana, ta ce yana hutawa. Daga nan ban ƙara tambaya ba.

Kemal kuwa kasuwa ta buɗe masa. Ya zo da fara'arsa ya ce Murat na da shirin wata tallar, wannan karon da akuya. Da ya ga yadda na kalle shi, mamaki ya kama shi na gaske. Ya ce, "Amma ka yi suna! Kowa ya san ka!" Likita ya riga ya gaya mini kafaɗar ba za ta ƙara ɗaukar irin wancan dukan ba. Na ce wa Kemal tikitin gida nake so. Ya yi ta lallashi, da ya ga ba zan sauya ba ya saya mini.

Ranar da na je sallama na tarar an rataye jan keken a ɗakin nuna kaya, an ajiye jarkokin a ƙarƙashinsa don masu zuwa ɗaukar hoto. Na tsaya na dafa sirdinsa. In na ce na tsane shi na yi ƙarya. Ban taɓa hawa abin da ya kai shi daɗi ba, kuma duk abin da aka ce zai iya, ya iya.

Da na dawo Unguwar Shanu, ɗaki na shige na rufe. A ciki nake salla, a ciki nake cin abinci. In na ji sallamar baƙi sai in yi kamar barci nake. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, ina durƙushe kaina a ƙasa, ya ce "lafiya lau, ya jikin," in ce da sauƙi, shi ke nan. Na fi son ya zage ni da wannan shirun.

Wata rana gab da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakina cikin farin kaftani. Ya ce, "Shamsu, yi alwala."

Akwai lungun da ke bi ta bayan gida ya ɓulle masallaci, ba kowa a cikinsa. Baba bai bi ta nan ba. Ya kama tsintsiyar hannuna ya miƙe babban layi, inda samari ke zama a bencin mai cajin waya. Tafiya yake a hankali kamar mai rakiya. Tun daga nesa na ga an fara taɓa juna. Muna zuwa daidai wurin wani ya ce, "Mai Jarka!" Dariya ta tashi, sai kuma ta mutu da suka ga Baba ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya kira shi?"

Can wani ya miƙe yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wasa ne."

Baba ya ce, "Ba faɗa zan yi ba." Ya juyo gare ni. "An kira ka, ka amsa mana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Na'am."

Ya ce, "To ku gaisa."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba su hannu. Wasu sun kasa kallona, ni ma na kasa kallonsu. Na ƙarshen ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Shamsu, don Allah tsallen nan da gaske ne, ko haɗi ne?" Na ce da gaske ne. Ya ce, "Kai!" Baba ya ce, "Bayan salla ya ba ku labari," ya ja ni muka wuce.

Sai da muka kusa masallaci na samu ƙarfin halin tambayarsa. Na ce, "Baba, ka ga bidiyon?"

Ya yi taku kaɗan. Sannan ya ce, "Na gani, sau ɗaya. Kowa jarka yake kallo. Ni da ka faɗi, jira nake in ga wanda zai zo ya ɗaga ka, sai aka juya wajen keke. Da uwarka ta miƙo mini waya, na san in na ji muryarka ba zan iya riƙe kaina ba."

Muka iso ƙofa, ana tayar da iƙama. Na zare takalmana, na fara sunkuyawa a karkace yadda kafaɗar ta koya mini. Kafin hannuna ya kai, Baba ya riga ya duƙa, a gaban duk mutanen da ke shiga, ya kwashi takalmana ya haɗa da nasa ya ɗora a kan kanta.

Na ce, "Baba, don Allah..."

Ya ce, "Wuce, za mu rasa raka'a."